Kifin Baba Zai Sake Buɗe Baki

Chintheche, 3 ga Mayu, 1996

Ƙanwata Lusungu,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mama na gaishe ki. Gwiwa ce kawai ke damunta, bakin nan kuwa lafiya lau.

Albishirinki. A watan Agusta Baba zai cika shekara goma da rasuwa, mun kuma yanke shawarar sake yin wasan waƙoƙin nan nasa na Annabi Yunusa a zauren coci, kamar yadda muka yi a 1971. Da na ce "mun", ni na yanke, sauran suka ce to. Na zaƙulo ƙaton kifin wasan, wanda aka yi da kara da buhu, daga bayan rumbu. Gara ta cinye wutsiyar, kaji sun mai da cikinsa ɗakin kwana, amma bakin yana buɗewa har yanzu. Ni ne Yunusa a madadin Baba. Matata ta ce sai dai a faɗaɗa bakin kifin, na yi kamar ban ji ba. Kawu Mzondi zai sake zama Sarkin Nineba, jikoki kuma su ne matuƙan jirgi da shanun garin. Ita kuwa Mama, na ba ta ɗinkin kunnuwan shanu, don kada ta ce an manta da ita.

Saura ke da waƙar mala'ika. Har yau in tsofaffi suka gan ni a bakin tafki sai sun tambayi 'yar nan mai shekara goma sha biyu da ta tsaya a kan kifi da muryar babbar mace ta sa su kuka. Ki nemi hutu tun yanzu.

Yayanki,
Vitumbiko

Zomba, 17 ga Mayu

Yaya Vitumbiko,

Bayan gaisuwa da girmamawa, na sami wasiƙarka, na kuma yi murna ƙwarai. Allah ya ba da sa'a. Sai dai aiki ya yi yawa a asibiti, ga maƙogwarona yana damuna. Ka ba wata daga cikin 'yan matan coci waƙar, akwai masu murya. Na aiko wa Mama man shafawa na gwiwa.

Ƙanwarka,
Lusungu

Chintheche, 29 ga Mayu

Lusungu,

Ina gaisuwa, amma a taƙaice, don raina a ɓace yake.

Maƙogwaron nan naki ya fara ciwo ne tun ranar aurena. Ya yi ciwo ranar baftismar ɗana, ya yi ciwo ranar jana'izar Baba. Ke da kike raba wa mutane magani, shi kaɗai ya gagare ki?

Ba wata 'yar coci da zan ba, don ba abin da zan ba ta. Na duba littafin da Baba ya rubuta wasan, kowace waƙa na ciki da muryoyinta huɗu, amma shafin mala'ika suna ne kawai a sama, ƙasa fari fat. Na tara dangi kowa ya rera abin da ya tuna. Kawu Mzondi ya rantse ya iya, ya buɗe baki sai ga waƙar kamun kifi. In ba ke, waƙar ta bi Baba kabari, wasan kuma ya tashi ba zuciya. Na riga na manna takardun sanarwa a kasuwa da tashar mota, sunanki ya fi nawa girma a jiki.

Ki zo, ko in zo in ɗauko ki.

Vitumbiko

Zomba, 10 ga Yuni

Yayana,

Ina gaishe ka. Ka sami wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa.

Ban iya waƙar ba. Ban taɓa rera ta ba. Ranar da Baba ya fara gwada ni, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce in na yi haka a gaban jama'a kifin ba zai jira kwana uku ba zai amayar da shi. Ka tuna yadda ake aikenka ɗebo ruwa duk lokacin da za a koya mini? Motsa baki ake koya mini.

Waƙar ta Mama ce. Ita ta ƙirƙire ta tana dakan rogo, shi ya sa ba ta cikin littafi. Baba ya so ta rera da kanta, dattawan coci suka ce matar dattijon coci irinsa ba ta hawa dandali. Sai ta shige cikin kifin tun kafin mutane su shigo, ta zauna a duƙe awa biyu cikin zafin nan, har aka jefo mata Baba. Ni ina sama da fukafukan takarda ina buɗe baki, ita tana ƙasa tana waƙa.

Shekara ashirin da biyar ina karɓar yabon da ba nawa ba, Yaya, kuma na gaji. Ko a coci ba na buɗe baki don kada asiri ya tonu. Maigidana ma yana gaya wa abokansa ya auri zabiya mai kunya.

Ka yafe mini.

Lusungu

Chintheche, 24 ga Yuni

'Yar ƙanwata mala'ikan ƙarya,

Gaisuwa da yawa. Na yi dariya har sai da matata ta leƙo ta ga ko lafiya. Daga baya kunya ta rufe ni da na tuna kunnuwan shanu.

Na sami Mama a tsakar gida tana shanya ƙananan kifi, na karanta mata wasiƙarki. Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Lusungu dai ba ta iya riƙe magana ba. Shekara ashirin da biyar kacal." Sai ta goge hannu a zane ta fara rerawa, baiti huɗu cif, ba ta yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Muryar ta ɗan tsufa, amma ita ce. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba, ni da furfurata.

To ga shawarata. A yi yadda aka yi da. Ke a sama, Mama a ciki. An riga an manna takardu, kuma ba na so garin nan ya ce Baba ya yaudare su. Na gaya wa Mama haka, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce in ara mata alƙalamina za ta rubuto miki da kanta. Har yanzu ba ta dawo mini da shi ba.

Yayanki mai ƙaunarki,
Vitumbiko

Chintheche, 26 ga Yuni

'Yata,

Ina gaishe ki da mijinki da jikokina. Man ya yi amfani.

Yayanki ya ce in sake shiga kifi. Ba zan shiga ba. Waɗanda suka hana ni hawa dandali duk suna kwance a bayan coci, ban kuma ji sun aiko da saƙo ba. Babanku bai yaudari kowa ba, hanya ya nema mini, yana riƙe da hannuna a ciki har na gama. Amma ran nan tafin kawai na ji ta cikin buhu da kara, ban ga fuskar mutum ko ɗaya ba. Ina so in gani kafin in bi shi.

Jiya na bi kasuwa da tasha da sandata, na soke sunanki na rubuta nawa. Masu sayar da tumatir sun ɗauka na ruɗe.

Na ɗora miki kaya mai nauyi kina yarinya, ki yafe mini. Ki zo a Agusta. Ba wanda zai ce ki yi waƙa. Ki zauna a bencin gaba inda idona zai kai, ki ji uwarki.

Mamanki,
Tafwachi Longwe