Kai Aka Tambaya, Ni Aka Tsallake

Ƙanena,

Bayan gaisuwa, ya Inna da yara? Ƙafar Baba ta yi sauƙi? Ni lafiya lau nake, tsayuwar wanke kwanuka a otal ce kawai ke ɗan taɓa min baya. Kada Inna ta ji.

An ce masu jin ra'ayin jama'a sun kira ka, sun tambaye ka ko ƙasa ta kama hanya, ka ce musu "to, ba laifi." Kai da ko labarai ba ka saurara! Ni da takaicin ƙasar ya koro ni nan, ba wanda ya neme ni.

Nan ma sun zo gidan da nake haya. Da matar ta ji ba ni da ƙuri'a, sai ta yi murmushi ta wuce ƙofar maƙwabcina. Ina jin sa ta bango yana zazzaga wa gwamnatinsu masifa, ita kuma tana rubutawa. Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba.

Don Allah in sun sake kira, ka ba su lambata. Ko hannuna na cikin kumfa zan ɗauka.

Allah ya yi maka albarka duk da haka.

Yayanka