Kirarin Sarkin Dawa ya ɓace mini

Zuwa ga ƙanena Sule,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da jikoki. Yaya ƙafar taka? Yaya damina?

Ni ina nan Satwa gidan Aminu, jiki da sauƙi. Kowa kan fita aiki tun safe, a bar ni da taga.

Jikata Hauwa ta shiga kwas ɗin satifiket a kwaleji, suna karanta al'adun 'yan asalin ƙasashe. An ce kowa ya kawo al'ada ɗaya daga bakin dattijo. Ranar Asabar ta ajiye waya gabana ta ce cikin wasan jika da kaka, "Angona, yalla, ba ni labarin buɗar dawa." Na yi ta zuba har la'asar. Sule, tun zuwana ba wanda ya zauna ya saurare ni haka. Amma da ta tambayi kirarin da Sarkin Dawa yake yi kafin a shiga daji, sai ya ɓace mini. Ta kashe wayar, ta ce in na tuna in kira ta.

Don Allah ka je wurin Dogo maharbi, in yana raye, ka rubuto mini shi. In ba wannan kirarin ba, ban san abin da zai sake zaunar da ita kusa da ni ba.

A gaida Yaya Abu. Ku sa ni a addu'a.

Yayanka,
Garba