Oba-obar da Ba Ta Cin Batirin Suna

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Kula da Ɗakunan Shan Magani na Karkara, Funtuwa.

Ranka ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri a gare ka da iyalinka da dukkan ma'aikatan ofishinka. Ina fatan ruwan shuka ya same ku lafiya kamar yadda ya same mu.

Bayan haka, sunana Rahila Ishaya. Ni ce ungozoma kuma mai kula da ɗakin shan magani na wani ƙauye da ke bayan Dayi, can inda hanyar mota take ƙarewa a bakin rafi. Na zo ofishinka har masinja ya san takalmina, kullum sai a ce ka fita rangadi. Ban ga laifinka ba, yankin da ke hannunka yana da faɗi. Amma damina ba ta jiran kowa ya dawo daga rangadi, shi ya sa na kawo maganar cikin jarida, inda na san za ta iske ka ko ina kake. Maganar kuwa ta oba-obarmu ce, wadda aka karɓe aka ba mu wata lokacin da aka sabunta kwangila da kamfanin da ke kawo su.

Ga mai karatu da bai san oba-oba ba, waya ce ta iska wadda ba ta da igiya. Ka danna ka yi magana, ka saki ka saurari amsa. Da ita nake kiran motar asibitin Malumfashi in haihuwa ta gagara, ko in wata cuta ta fi ƙarfina. In na kira, mota ta zo ta tsaya a wancan ƙetaren rafi, mu kuma mu fito da marar lafiya a kan gadon kara mu haye da shi. In ban kira ba, babu wanda zai san muna nan.

Na farko, ina so ka san abin da aka ɗauke mana, don ina zaton wanda ya rubuta maka "tsohon kaya" a kanta bai taɓa ganinta da idonsa ba.

An kawo ta ne a shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, ina sabuwar fitowa daga koyon aiki. Baƙin akwati ne na ƙarfe, muninta ya kai, nauyinta kamar na yaron da ya isa yaye. Goyonta nake yi da zani in hau dutsen da ke bayan gari, har mata suka sa mata suna 'Yar Rahila, ni kuwa ban taɓa musu ba. A kan dutsen akwai ɗorawa. Sai in ɗaura tsakuwa a bakin wata doguwar wayar tagulla, in wurga ta kan reshe, in maƙala ɗaya bakin a ƙugiyar da ke bayan akwatin, shi ke nan muryar Malam Audu direban asibiti ta fito tangaran kamar yana tsaye a gindin ɗorawar. Ta faɗo daga bayan babur a hanyar Bakori, muka ɗauke ta muka kakkaɓe ta ci gaba da aiki. Ruwa ya yi mata duka, gara ta cinye jakarta, akuya ta tauna madaurinta. Duk shekarun nan ba ta taɓa kunyata ni a gaban mijin mai naƙuda ba, kuma ina faɗin haka da alfahari.

Babban abin da ya sa ta daɗe shi ne abincinta. Batirin tocila take ci, manyan nan da ake samu a teburin kowane ɗan tireda daga Dayi har Musawa. Cikinta babba ne, tana cin su da yawa, kuma ofis bai cika aiko da su a kan lokaci ba. Mutanen garin nan ba su zauna jira ba. Wani magidanci da aka ceci matarsa ya zo ranar suna, bayan an raba goro, ya ajiye mini batura biyu sababbi a gabana, ya ce: "Malama, wannan rabon 'yarki ne, ita ma ta ci suna." Aka yi dariya. Mai suna na gaba ya ga ba za a bar shi a baya ba, shi ma ya kawo. Daga nan abin ya zauna. Yau a garinmu ko an kira mota ko ba a kira ba, ko liman ne ya raɗa sunan ko fasto ne ya yi addu'a a majami'a, uban jariri sai ya kawo batirin suna. Wanda ya manta, gwaggwannin jaririn ba za su bar shi ya sha ruwa ba. Fulanin da ke rugar gabas ma sun ɗauka, nasu a cikin ƙwarya suke zuwa tare da man shanu. Babu wanda ya koya mana wannan daga Kaduna ko Ikko, mu muka ƙirƙiro abinmu, kuma ban san wani gari da ya riƙe kayan hukuma da irin wannan amana ba.

Na biyu, yadda aka yi zaɓin. Da rani aka tara mu masu riƙe da oba-oba a Funtuwa, aka ce kwangila ta ƙare an sabunta, za a ba kowa sabuwa, mu zo mu zaɓa. Na ji daɗi ƙwarai, na ce ashe ana tunawa da mu. Wakilin kamfani, yaro mai ladabi da fara'a, ya jera mana iri biyu a kan tebur. Ɗaya ƙarama ce ta roba, tana sheƙi, tana da ɗan gajeren eriya, za ta shiga jakar hannu. Ɗayar kuwa ƙanwar tawa ce sak, ƙarfe ce, da ƙugiyarta a baya, da cikin batirinta. Aka yi gwaji. Wakilin ya tsaya a bakin ƙofar ofis da ƙaramar, wani ya tafi gindin mangwaron da ke ƙarshen fili da irinta, suka gaisa, aka tafa. Ranka ya daɗe, daga ƙofar nan zuwa mangwaron nan, in na ɗaga muryata ba na bukatar oba-oba.

Da aka zo kaina na ɗora hannu a kan ta ƙarfen. Wasu abokan aikina suka yi mini tsiya, wai na saba da goyo ne ba na son a yaye ni. Na ce na yarda, a bar ni da goyona. Na faɗi dalilaina a gaban kowa: babu wutar lantarki a garinmu, akwai duwatsu tsakaninmu da Malumfashi, kuma hanyarmu ba ta kayan roba ba ce. Aka ce an ji. Ban ce waɗanda suka zaɓi ƙaramar sun yi kuskure ba. Wanda ke aiki a cikin Bakori, ga wuta ga kwalta, ita ce daidai da shi, Allah ya sa masa albarka a cikinta. Amma da motar rabo ta zo, sai ga ƙaramar aka miƙo mini, aka ce an ga ya fi sauƙi a ba kowa iri ɗaya. Kafin in gama buɗe baki an riga an jefa 'yata a bayan mota tare da sauran tsofaffin. Na tsaya ina kallo har motar ta sha kwana, kuma ba na jin kunyar cewa na yi hawaye.

Na uku, abin da ya biyo baya. Ita wannan sabuwar ba ta cin batiri, caji ake yi mata da lantarki. Sai ranar da wani zai je Malumfashi in ba shi ya kai ta a cika ta, ya dawo mini da ita, ta yi ɗan abin da za ta yi ta mutu. Duk lokacin da take can wurin caji, garin ba shi da baki. Ko tana cike ma, na hau dutse da ita, na hau har kan ɗorawar da girmana da komai, ban ji komai ba sai shuuu kamar ana soya ƙosai. Babu ƙugiyar da zan maƙala wayar tagulla. Na juya ta gaba da baya ina nema, babu. Tafiyarta ta biyu a kan babur murfinta ya tsage, yanzu da robar tayar keke na ɗaure ta.

Ana cikin sharar gona maciji ya sari wani manomi da hantsi. Na yi masa abin da na iya, na ruga kan dutse, na kira Malam Audu har muryata ta dushe. A amalanken shanu aka kai mutumin nan bakin titi, aka zauna jiran motar haya cikin rana. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma har yau bai taka ƙafar ba, kuma 'yan uwa ne suka yi masa shuka bana. Da na haɗu da Malam Audu daga baya ya ce mini a ranar yana zaune a gindin motarsa, tanki cike da mai, ba abin da yake yi. A lokacin rafi a bushe yake, amalanke na iya hayewa. Nan gaba kaɗan ba zai iya ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya hana ni sukuni, wato Talatu matar Malam Sani maƙwabcina. Haihuwarta ta fari ta zo a gicciye. Tsohuwar oba-obar ce ta kira mota, aka yi mata aiki a Malumfashi, aka ciro 'ya mace da rai. Likita ya ja mini kunne cewa duk ranar da ta sake samun ciki, kada a bar ta ta yi doguwar naƙuda a gida, da ta fara a kawo ta. To, ga ta nan da tsohon ciki, kuma lissafina ya nuna za ta sauka ne a tsakiyar damina, lokacin da rafi ke cika ya kwana bai janye ba. Na ce ta koma Malumfashi ta zauna tun yanzu. Ba ta da kowa a can, ga ƙaramar 'ya, ga surukarta makauniya da ita ke dafa mata, ga miji a gona. Ta yi alkawarin tafiya in watan ya kama, ni kuwa na karɓi haihuwa da yawa, na san jariri ba ya duba wata. Kullum ta zo awo sai ta kalli ƙaramar oba-obar a kan tebur, ta kalle ni. Ni ce nake sunkuyar da kai, ni da ban saba ba.

Saboda haka ga roƙona, ranka ya daɗe, kuma ba mai yawa ba ne.

A dawo mini da tsohuwar in tana nan a sito. Zan gane ta ko cikin ɗari, akwai lotsawa a kusurwarta ta hagu, da jan zaren da na ɗaura a hannunta. In an riga an mayar wa kamfani, a ba ni ta ƙarfen nan da na ɗora hannu a kanta a gaban jama'a, tunda tana cikin abin da kwangilar ta kawo. Ƙaramar kuwa a kai wa wanda ke da lantarki, za ta yi masa amfani.

Sannan duk wadda za a ba ni, kada a gwada ta a filin ofis. A turo wakilin kamfani ya zo garinmu, zan dafa masa tuwon dawa da miyar kuka, mu hau dutse tare ya kira Malumfashi da bakinsa. In an amsa masa, na karɓa da godiya. Haka ya kamata a yi wa kowane ƙauye kafin a raba shi da abin da ya saba da shi, a tambayi abin da kasuwar wurin take sayarwa da irin hanyar da kayan za su bi. Kuma ina roƙo a yi wannan kafin rafi ya kawo, domin bayan nan ko kun ɗauko ta, a ƙetare za ku tsaya da ita.

Ban rubuto don in rage maka daraja ba. Na san aikinka, na san rijiyar da ka sa aka haƙa mana a ɗakin shan magani, muna sha muna sa maka albarka. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka masu gaya maka gaskiya, ya sa ka gama da aikin hukuma lafiya, ya raya maka zuriya.

Abu ɗaya ya rage da nake so ka sani. Mutanen garin nan ba su daina kawo batirin suna ba. Na gaya musu sabuwar ba ta ci, suka ce su dai ba za a fara karya al'ada a kan 'ya'yansu ba. Ga baturan nan sun cika tasa a ƙarƙashin gadon awo. Jiya da la'asar kuma Malam Sani ya shigo daga kasuwar Dayi, ya kwance bakin rigarsa ya fito da nasa guda biyu, alhali Talatu ba ta haihu ba. Na ce masa ai ba a kawowa sai ranar suna. Ya ce: "Na sani, Malama. Na ga gara su riga sunan zuwa, ko Allah zai sa a yi sunan da uwar a zaune."

Na karɓa, don ban iya mayar masa ba. Suna nan a gabana ina wannan rubutu. Ranka ya daɗe, ka aiko mini da inda zan sa su.

Wassalam, na bar ka cikin amincin Allah.

Taka mai biyayya,
Rahila Ishaya,
Ungozoma, bayan Dayi.