Ɗan Iskan Balad

Zuwa ga Dilyara, sanyin idona, ƙanƙarar birnin Kazan na Rasha da ta sauka Jidda ta ƙi narkewa, mai zanen gidaje da ta zo gyaran tsohuwar unguwar Balad ta ɓuge da gyara zuciyar kafinta!

Kin tuna ranar da kika fara shigowa tsohon gidan nan, hular kwano bisa mayafi, kika tsaya gaban roshan, tagar katakon da nake gyarawa? Kika ce a Rasha kin shekara da shekaru kina zana gidajen da ke toshe iska, don sanyinku kisa yake yi, ga shi nan kin tarar da mutanen da sun yi gini don su gayyato ta. Kika ɗora tafinki a kan ramukan katakon, iskar teku ta ratsa yatsunki, kika lumshe ido. Wayyo ni! Tun daga ranar gudumata ba ta samun ƙusa sai yatsana.

Ranar da na kai ki unguwarmu Safa gaida Baba fa? A 'yar Hausar da kika fara koya, kin koyi "ɗan kasuwa", kin koyi "ɗan jarida", kin kuma san ba wanda ya kai ni sanin hanyar iska a katako. Sai kika durƙusa cikin ladabi kika ce, "Baba, Munir babban ɗan iska ne." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige! Baba ya yi dariya har da hawaye. "Halas, shi ke nan, yarinyar nan ta san shi! Ya waladi, ɗana, kada ka bari ta kuɓuce maka."

To ga shi aikin gidan ya zo ƙarshe, iƙamarki ta zama a ƙasar nan ma haka, kamfaninku na Kazan yana kiranki. Ina zan sa kaina? Ba zan ce ki ajiye alƙalaminki ba, Balad cike take da gidajen da ke jiran hannunki. Aurenki nake nema, rabin raina. Baba ya rantse zai je wurin mahaifinki ko ƙanƙara ta kai masa wuya, Baban da fanka ke sa wa mura!

Ki zauna, Dilyara. In kuwa Kazan kika zaɓa, zan tattara kayan aikina in bi ki, in koyi toshe iska.

Naki har numfashina na ƙarshe,
ɗan iskanki,
Munir