Yarinyar Nan Za Ta Koma Ofishinki

Zuwa ga ƙanwata Asabe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya ke da maigidanki, ina taya ki murnar rantsar da ke a majalisar wakilan Amurka. Ranki ya daɗe, Honarabul! A nan na rubuto inda kowa zai gani, tunda yanzu in na buga miki waya wani saurayi ne yake ɗauka, har ya tambaye ni da wa yake magana. Wai ni!

Ba kujerarki ce ta tsone min ido ba. Ran da kika zama magajiyar garin nan naku, wanda har yau na kasa faɗin sunansa daidai, ni na dafa shinkafa na raba wa matan unguwarmu ta Moss Side a nan Manchester, ina ta cika baki cewa ni na goya ki. Da kika gyara musu famfuna suka sake zaɓenki, a cikin bas na rangaɗa guɗa har direba ya waigo.

Maganar yarinyar nan tawa ce.

Da ta gama jami'a a Birmingham na je unguwar Edgbaston wajen bikin yaye su. Iyaye suna ta rungumar 'ya'yansu suna hawaye. Ni kuwa na tsaya gefe, na ce mata hularta ta karkace. Kin san yadda Inna ta yi da ni. 'Yar fari ba a kiran sunanta, balle a yabe ta a gaban jama'a. Sai ga ki a waya, kina kwaɗa sunanta, kina cewa kina alfahari da ita. Asabe, na ga yadda fuskarta ta washe. Ni da na haife ta ban taɓa samun wannan kallon ba. Wallahi kishi ya hana ni cin abinci ranar.

Hotonki ne a bangon ɗakinta. Jawabinki na farko a majalisa ta haddace shi tsaf. Ta taɓa tsare ni a kicin da Turancin nan nata na 'yan Manchester, "Mum, me ya sa ba kya faɗin sunana?" Na ce ta duba min tukunya kar ta ƙone.

Ni na yi ta zarya wajen GP, likitan unguwa, lokacin da asma ta sa ta a gaba. Ni na yi ta rigima da ƙaramar hukuma kan bangon gidanmu da ke tsattsafo da ruwa. Ke kuma kika zo hutu da akwatin tsaraba, kika kira ta da sunanta, shi ke nan kika tafi da ita.

Yanzu ranar Asabar za ta tashi, wai kin ba ta gurbi a ofishinki. Ba shawarata ta nema ba, sanar da ni ta yi. Ban hana ba. Na daka yaji na cusa a akwatinta, na ce mata naki ne. Ba naki ba ne, kar ki taɓa.

Ƙanwata, ke kina da mazaɓa guda da ke son ki. Ni ita kaɗai gare ni. Wata rana in kuna zaune ku biyu, ki gaya mata abin da wannan shirun yake nufi a gidanmu, ke za ta yarda da ke. Bakin nan da ya ciyo miki zaɓe, ki ara min shi sau ɗaya.

Allah Ya taya ki ɗaukar wannan nauyi, Ya tsare ki daga sharrin masu son kujerarki, Ya kawo miki ita lafiya. Amma ki sani, riƙo na ba ki, ba kyauta ba.

Taki har kullum,
Yayarki.