Kabarin da Kamal Bai Je Ba

International City, Dubai
Ranar Juma'a

Zuwa ga Yayata Zalika,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Nasir da yara gaba ɗaya. Yaya jikin Inna? Allah Ya ba ta lafiya, Ya sa kaffara ne, ke kuma Ya saka miki da hidimar da kike yi mata, wadda mu da muke nesa sai dai mu yi ta da baki. Ni ina nan lafiya, sai zafin garin da ya kai mutum ba ya iya taɓa ƙarfen ƙofar mota da rana. Matata Murjanatu ta gaya mini an yi ruwa sosai a Damagaram har katangar bayan gida ta tsage, don Allah a sa magini ya duba ta tun ba ta faɗo wa wani ba. Hajiya Safi ce za ta kawo miki takardar nan hannu da hannu in ta raka kayanta gida, tare da dabino da man shafawa na gwiwar Inna. Na ƙi yin maganar a waya ne da gangan, domin duk abin da ya shiga wayar gidanmu kafin la'asar ya gama unguwa.

Yaya, saƙon muryar da kika turo mini ya hana ni sukuni. Kin ce tun ranar da Inna ta ga hoton nan na Kamal ɗan Kawu Aminullahi, yayan Inna, ta rage cin abinci, ta daina fitowa tsakar gida, kuma kin ji bayan sallar asuba ta zo wurin da ta saba ambaton mahaifinta a addu'a sai ta tsallake shi. Kin ce har wasu mata sun shigo dubiya suna cewa ai dama an san wasu sojojin Faransa sun bar addini a can Turai. Ina ji ina tsaye a tashar bas, sai da na nemi wuri na zauna. Matar da aka haifa ubanta yana bakin daga, har aka sa mata Turai don a can yake, ba ta taɓa ganin fuskarsa ba, ta shekara tamanin ba ta fasa yi masa addu'a ba, yau ita ce take jin nauyin ambaton sunan mahaifin nata Sabo a gaban Ubangijinta. Duk a kan hoto guda na Kamal ya ɗaga hannu a tsakiyar fararen gicciye. To ki saurara in gaya miki yadda aka yi, domin ni na shirya tafiyar da hannuna.

Kin san aikina a kamfanin shirya tafiye-tafiye da ke unguwar Deira, kuma saboda ina jin Faransanci ni aka damƙa wa duk mai son zuwa Faransa. Cikin abubuwan da muke sayarwa akwai wani yawo na rabin wuni a kudancin ƙasar. Mota tana ɗaukar baƙi daga otal da safe, a fara kai su bakin tekun da jiragen ruwa suka sauke sojoji lokacin yaƙin Jamus, inda kakanmu ya taka ƙasar Turai. Daga nan a wuce maƙabartar sojojin Amurka, mai ciyawa kore shar da gicciye jere reras. Zango na ƙarshe shi ne maƙabartar sojojin Faransa, inda aka rufe namu mutanen tare da Larabawan Aljeriya da Maroko, sai a mayar da kowa otal ya ci abincin rana. Wata dattijuwa Bafaranshiya ce take yi wa baƙin jagora, mun daɗe muna aiki da ita ta waya, ni dai Madam nake ce mata. Ita ce bara da na ba ta labarin kakanmu ta bi kaburburan ɗaya bayan ɗaya har ta gano nasa, kamar yadda na sanar da ku a lokacin.

Ba sai na tuna miki abin da Inna ta roƙa ba da labarin ya iso mata. Ba ta ce a kawo mata komai ba, cewa ta yi wani daga jininsa ya je ya tsaya a kansa, ya yi masa sallama, ya karanta masa Ƙulhuwallahu, ya gaya masa cikin da ya bari mace aka haifa kuma tana raye. Sau biyu ina neman biza, sau biyu ana dawo mini da fasfo, wai ba su gamsu zan fito daga ƙasarsu ba in na shiga. Kakanmu kuwa da za su kai shi ba wanda ya tambaye shi ko yana da niyyar komawa gida. Kullum ni ne mai tura mutane wurin, Indiyawa, Larabawa, Turawan da ke aiki a nan, in gaya musu su riƙe hular rana da ruwan sha, in yi musu fatan su ji daɗin yawo. Su dawo suna gaya mini kifin bakin tekun ya yi daɗi.

Shi ya sa da Kamal ɗan Kawu Aminullahi ya shigo ofis yana cewa zai kai amaryarsa hutu Faransa na ji kamar an sauke mini kaya. Shi mai shago ne a kasuwar Al Ras, fasfonsa ya cika da hatimi, biza ba ta yi masa gardama. Kuma jikan Sabo ne kamar ni. Na sa su a yawon, na zaunar da shi na yi masa bayani dalla-dalla, na ce maƙabarta biyu za a je, ta farko ba tamu ba ce, ya yi haƙuri har ta ƙarshe, Madam za ta kai shi har gaban kabarin. Yana danna waya yana cewa khalas, wato shi ke nan, ya gane, in bar masa komai. Na sake maimaitawa a daren da za su tashi, har ya yi mini dariya wai na mai da shi yaron makaranta.

Ga abin da Madam ta gaya mini bayan sun dawo. A bakin teku lafiya lau, sun yi hotuna, amarya ta tsinci ƴan duwatsu. Da aka isa maƙabartar Amurkawa, Kamal ya ga wuri tsaf kamar fadar shugaban ƙasa, sai ya gyara hula ya shiga tsakiyar gicciyen ya ɗaga hannu, amarya ta ɗauke shi. Yana shafa addu'ar ya ce wa Madam shi ya gama abin da ya kawo shi, a nemo musu tasi za su wuce kasuwa kafin rana ta yi. Ta ce masa ba nan ba ne, saura tafiya kaɗan, har ta roƙi sauran baƙin tun da safe su yarda a ɗan daɗe a zangon ƙarshe saboda shi, kuma sun yarda. Ya ce mata addu'a ba ta ɓata hanya. Haka motar ta ƙarasa maƙabartar namu babu shi, mutanen da ba su haɗa komai da Sabo ba suka tsaya a gaban kabarinsa suna jin labarinsa daga bakin Madam, jikansa yana can yana zaɓen jakar hannu. Da yamma ya tura hoton gida ya rubuta a ƙasa wai alhamdulillahi an sauke nauyin Kaka.

Na same shi a shago ranar da ya buɗe. Ban shiga da faɗa ba, Allah Ya sani, na bari sai da masu sayen kayan ƙamshi suka ragu. Ya ce shi bai ga abin tayar da hankali ba. A gida wa yake neman kabari da suna? Ana zuwa bakin maƙabarta ne a yi wa mutanen cikinta sallama gaba ɗaya a yi addu'a a juyo, in damina biyu ta wuce ko mai haƙa ba ya iya nuna maka na ubanka. Ya ce shi a zatonsa Turawa wuri ɗaya suka tara sojojin duka, kuma gicciyen nan alama ce kawai da suke kafa wa kowa. Yaya, na yarda haka muke yi a gida, kuma da a ce ban gaya masa ba da na yi masa uzuri. Amma na gaya masa, Madam ta gaya masa yana tsaye a wurin. Na ce to ya kira Inna ya faɗa mata ya yi kuskure, magana ta ƙare. Sai ya ɓata rai, ya ce an riga an yi sadaka a gida an dafa abinci, liman ya sa masa albarka a gaban jama'a, yanzu ya fito ya ce bai je ba a ɗauke shi wane iri? Ya ƙara da cewa in ina ganin na fi shi iyawa ai ga hanya nan, in je mana. Ya san sarai inda ya taɓa.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne Kawu. Kwana biyu da maganar ya kira ni, ashe Kamal ya riga ya gaya masa gaskiya. Na ɗauka zai ce a gyara. Sai ya ce in rufa wa ɗan'uwana asiri, abin da ya wuce ya wuce, ita kuma Inna da sannu za ta manta. Na ce Kawu ai mahaifinku ne ake cewa ya mutu ba a kan Musulunci ba. Ya ce mamaci ba ya jin surutun mutane, mai rai ne yake ji. Ban taɓa mayar wa Kawu magana ba tun da nake, ranar ma ban mayar ba, na ce Allah Ya huci zuciyarsa muka yi sallama. An auna mutuncin Kamal da hawayen Inna, an ga na Kamal ya fi nauyi. Ni ba zan iya ba. Uwata ce, kuma ban san kwana nawa suka rage mata ba da zan bar ta ta tafi da wannan a zuciya.

A cikin ambulan ɗin nan akwai hoto, na sa an wanke shi babba saboda idonta. Madam ce ta ɗauko mini. Za ki ga ba gicciye ba ne, dutse ne fari mai kai kamar ƙofar masallaci, da jinjirin wata da tauraro a sama, da rubutun Larabci cewa wannan kabarin marigayi ne, sannan sunansa a ƙasa. Na damansa Musulmi ne, na hagunsa Musulmi ne. Ki bari sai gida ya yi shiru, ki shiga ɗakinta ke kaɗai, ki karanta mata takardar nan tun daga farko, kada ki tsallake komai don a tausasa. Ki kai hoton kusa da fitila ki bar ta ta karanta Larabcin da kanta, ta fi yarda da idonta a kan bakin kowa. Matan da suka kawo waccan magana kuma, in sun sake shigowa dubiya, ki ajiye shi inda za su gani. Na san Kawu zai ji, na san abin da zai biyo baya, wataƙila in na zo hutu ba zai amsa gaisuwata ba. Na ɗauka. Kada ki bari a ce ke kika tono, ki ce ni ne, ga sunana a ƙasa.

Abu ɗaya nake roƙonki. Inna za ta yi murna, sannan za ta tambaye ki to wa ya tsaya a kansa. Kada tausayi ya sa ki ce mata ni Zainu zan je. Na sake kai takarduna, amma na daina sa rai, kuma ba na so ta zauna tana jiran abin da ba ya hannuna. An yi mata ƙarya sau ɗaya a kan ubanta, ya isa. Ki gaya mata yadda abin yake: mahaifinta yana kwance cikin Musulmi, ta mayar da shi cikin addu'arta tun daga asubar gobe. Amma saƙonta bai isa ba. Ba wanda ya gaya masa mace aka haifa, kuma tun ranar da aka rufe shi har yau ba a sami wanda ya yi masa sallama da Hausa ba.

Ki gaishe mini da Inna gaisuwa ta musamman, ki ce ina neman gafararta da albarkarta. Ki gaida Malam Nasir, da Asama'u da Khairunnisa, a ce su dage da karatu. Ki leƙa Murjanatu da yara, ki ce mata saƙonta yana cikin kayan Hajiya Safi. Ki gaida Ɗalhatu da mutanen gidansa, da duk wanda ya tambaye ni. Kawu Aminullahi ma ki kai masa gaisuwata, ko bai amsa ba. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya haskaka kabarinsu duk inda suke kwance, Ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Ƙaninki,
Zainulabidin