Tsumman Inna a bututun kififiya

Gazawa, daren Talata, tsakiyar damina

Kwana uku ina fama da akwatin gilashin kififiya biyun nan. Ruwan ya yi zurfi, dutsen da suke hawa su huta ya nutse, ƙaramar ta gaji da iyo har ta daina cin abinci. Mai gyaran famfo ya tafi taron jam'iyya, kamar kowa bana, sai ni na yanke bututun da ke zubar da rarar ruwa, na rage masa yatsa huɗu. Dutsen ya fito.

Na dawo daga buro, wurin aikina, na tarar da ruwa har baki. Inna ta cusa tsumma a bututun, ta ƙara guga guda.

Ta ce, "Ruwan da aka jawo da igiya za ka bar wa ƙasa? Karatun naka kenan?"

Sau biyu na yi mata bayani a natse, a banza. Sai na jona tiyo a bututun, na kai bakinsa gindin kuɓewarta.

Da kanta ta cire tsumman. Kafin magariba ƙaramar ta hau dutse. Yanzu kuma Inna ta ce guga biyu za ta riƙa zubawa kullum, wai don tausayin kififiya.